Hanyar Lafiya A Bi Ta Da Shekara: Tarihin Sufurin Manyan Motoci Tsakanin Jihohin Amurka



Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin cewa doguwar tafiya a zaune ake fara ta. Kafin ayari ya ɗaura kaya, madugu ya riga ya ƙirga zangonsa, ya san inda ruwa yake, ya san inda za a biya kuɗin fito, ya kuma san dajin da ba a ratsa shi da dare. Shi ya sa ake yi masa kirari da uban tafiya. Abin da nake so mu duba a yau shi ne yadda ake yin irin wannan ƙirga a wata ƙasa mai nisa, watau Amurka, inda tirela ɗaya kan ratsa jiha bakwai ko takwas kafin ta sauke kayanta, mu kuma ga yadda tarihi ya kai mutanen ƙasar ga tsarin da suke bi.

Domin kada magana ta watse, za mu riƙe hanya guda, ita ce babbar hanya mai lamba 80, daga gefen birnin Shikago zuwa San Faransisko a bakin tekun yamma. Tsawonta mil 2,100 ne da 'yan kai, watau wajen kilomita 3,400, tana kuma ratsa jiha bakwai: Ilinoi, da Ayowa, da Nebaraska, da Wayomin, da Yuta, da Nebada, da Kalifoniya. Duk wanda zai tsara wannan tafiya yana da tambaya huɗu a gabansa. Wa ya ba shi izinin bin hanyar? Kaya nawa zai ɗauka? Awa nawa zai yi yana tuƙi, a ina kuma zai kwana? A ina haɗari yake jiransa? Kowace amsa a cikin huɗun nan doka ce, kowace doka kuwa tabo ce da wata rigima ko wata asara ta bari. Abin da nake fatan nunawa shi ne, dokokin ba su fara amfani sosai ba sai da suka zama iri ɗaya daga farkon hanya har ƙarshenta, kuma aka sami yadda za a auna su.

Ayarin 1919

Ranar 7 ga Yuli 1919 rundunar sojan Amurka ta tayar da ayarin motoci 81 da mutum wajen 300 daga birnin Washinton, aka umarce su su ratsa ƙasar har gaɓar yamma domin a ga ko mota za ta iya. Ba su isa San Faransisko ba sai 6 ga Satumba, bayan kwana 62, tafiyar mil 3,200 da ɗoriya. Da suka wuce Ilinoi, kusan ba su ƙara ganin kwalta ba sai a Kalifoniya. A Nebaraska yashi da laka suka riƙe motoci, a Yuta suka sha wuya a hamadar gishiri, gadojin katako fiye da 80 kuwa suka karye ko suka lalace a ƙarƙashinsu, dole suka tsaya suka gyara. Mafi yawan sawun da suka bi daga Ilinoi zuwa yamma, kusa da shi ne hanya mai lamba 80 take bi a yau. Cikin hafsoshin da aka tura su sa ido a tafiyar akwai wani matashi mai muƙamin Laftanar Kanar, Dwight Eisenhower, wanda bayan shekara 34 ya zama shugaban ƙasa. Za mu sake gamuwa da shi.

Ayarin nan ya tabbatar da abu biyu. Na ɗaya, mota tana iya ratsa ƙasar, hanya ce ba ta iya ɗaukarta ba. Na biyu, babban abokin gabar hanya da gada shi ne nauyi.

Kowace jiha da tata doka

Tsarin mulkin Amurka ya ba Majalisar Tarayya ikon tsara ciniki tsakanin jihohi, amma hanya kanta mallakar jiha ce, ita take gina ta, ita take gyara ta, 'yan sandanta suke tsaron ta. Daga wannan rabon iko dukkan rigingimun da za mu ambata suka samo asali. Tun 1913 wasu jihohi suka fara ƙayyade nauyin mota domin kare hanyoyinsu, ya zuwa 1933 kuwa babu jihar da ba ta da tata ƙa'ida, sai dai ba safai ƙa'idar wata ta yi daidai da ta maƙwabciyarta ba. Motar da ta halatta da safe tana iya haramta da azahar don kawai ta ƙetare iyaka.

Shari'a biyu sun isa misali. Jihar Karolina ta Kudu ta hana duk motar da ta wuce inci 90 a faɗi, ko laba 20,000 a nauyi, alhali galibin manyan motocin zamanin inci 96 ne. A 1938 Kotun Ƙoli ta ce jihar tana da wannan iko, tun da hanyar tata ce kuma Majalisar Tarayya ba ta kafa wata doka a kai ba. Bayan shekara 21, watau a 1959, kotun ta saurari wata ƙara a kan abin da za a ɗauka ƙarami ne ƙwarai, shi ne marfin da ake ratayawa bayan taya don tare laka. Ilinoi ta ce lalle ya zama mai lanƙwasa, Akansas kuwa ta ce lalle ya zama miƙaƙƙe. Direban da zai ratsa jihohin biyu sai ya tsaya a canza masa, aikin awa biyu zuwa huɗu, wani lokaci har da walda, abin da yake da haɗari idan kayan masu kama wuta ne. A wannan karon kotu ta soke dokar Ilinoi, ta ce nauyin da ta ɗora wa cinikin ƙasa ya fi amfaninta.

Haraji ma haka ya kasance. Kowace jiha tana son rabonta na kuɗin rajista da harajin mai, har ta kai gaban tirela yakan cika da lambobi da takardun manne na jihohi daban-daban. An fara warware wannan da yarjejeniyar rajista ta 1973 da ta harajin mai ta 1983, daga baya dokar tarayya ta 1991 ta ba jihohi wa'adi zuwa 1996 su shiga. A yau mai mota yana yin rajista a jiharsa kaɗai, ya ba da lissafin mil da man da ya sha duk wata uku, jihohi su raba kuɗin gwargwadon tafiyar da ya yi a kowacce.

Zamanin izini: 1935 zuwa 1980

Tambaya ta farko, watau wa ya ba ka izinin hanya, tana da nata tarihin. A 1925 Kotun Ƙoli ta hana jihohi su toshe wa masu sufuri tsakanin jihohi ƙofar shiga sana'ar. Da tattalin arziki ya karye daga 1929, duk wanda ya rasa aiki kuma ya iya samun tsohuwar mota sai ya shiga dako, farashi ya faɗi warwas. Kamfanonin jirgin ƙasa, waɗanda Hukumar Ciniki Tsakanin Jihohi take sa ido a kan farashinsu tun 1887, suka yi kukan ana ƙwace musu kaya, manyan kamfanonin mota su ma suka nemi a tsare musu kasuwa. Saboda haka a 1935 Majalisa ta sa sufurin mota a ƙarƙashin wannan hukuma, wadda aka fi sani da ICC.

A ƙarƙashin dokar 1935, kamfani ba ya ɗaukar kayan haya ya ƙetare iyakar jiha sai da takardar izini, takardar kuwa tana faɗin irin kayan da zai ɗauka da garuruwan da zai bi. Waɗanda suke cikin sana'ar tun kafin dokar an bar musu hanyoyinsu, amma sabon shiga sai ya tabbatar da cewa jama'a suna bukatarsa, tsofaffin kamfanoni kuma suna da damar su tashi su ce ba a bukata. Aka keɓe amfanin gona da ba a sarrafa ba daga wannan takura. Abin da ya biyo baya shi ne, mai tsara tafiya a wancan zamani takardarsa yake dubawa kafin ya dubi taswira. Kamfanin da ya haɗa izini biyu domin ya kai kaya nesa, tilas ne ya bi ta garin da izinin biyu suka haɗu, ko da akwai hanya mafi kusa. Wani yana da izinin kai kaya amma ba shi da na dawowa da wani, sai ya komo wayam. Takardar izini ta zama dukiya, ana sayar da ita da tsada, ana jinginar da ita a banki.

Tsadar mai da hauhawar farashi na shekarun 1970 suka sa jama'a suka gaji da wannan ɓarna. Ranar 1 ga Yuli 1980 Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta buɗe ƙofa. Kamfanoni masu izini, waɗanda suke wajen 18,000 a lokacin, suka ninka fiye da biyu cikin shekara goma. Kuɗin dako ya sauka, takardun izini suka zama ba su da daraja, tsofaffin kamfanoni da yawa suka durƙushe, albashin direbobi da ƙarfin ƙungiyarsu suka ja baya. An rufe ICC a ƙarshen 1995, a Janairun 2000 kuma aka kafa hukuma ta musamman mai kula da lafiyar sufurin manyan motoci. A taƙaice, gwamnati ta janye hannunta daga maganar wa zai ɗauki kaya da nawa za a biya shi, ta mai da hankali ga nauyi, da direba, da lafiyar mota.

Nauyi da kwalta

Mu koma ga Eisenhower. Abin da ya gani a 1919, da kuma manyan hanyoyin Jamus da ya gani a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, suna cikin abin da ya sa ya tsaya tsayin daka a kan gina hanyoyin tarayya. Ranar 29 ga Yuni 1956 ya sa hannu a dokar gina mil 41,000 na manyan hanyoyi, gwamnatin tarayya ta ɗauki kashi 90 cikin 100 na kuɗin, daga wani asusu da harajin mai yake cika shi. Mai biyan kuɗi kuwa yana da bakin magana. Dokar ta sa iyaka: laba 18,000 a kan aksul ɗaya, watau sandar da take haɗa tayoyin dama da na hagu, laba 32,000 a kan aksul biyu da suke jere, laba 73,280 ga mota duka da kayanta.

Daga 1958 zuwa 1960 aka yi wani gwaji a kusa da garin Otawa na jihar Ilinoi, wanda ya kamata kowane ma'aikacin ayyuka ya san shi. An gina hanyoyi na kewaye masu kauri daban-daban, sojoji suka yi ta zagaya su da motoci masu nauyi daban-daban, injiniyoyi suna auna lalacewar kwalta. Sakamakon shi ne, ɓarnar da aksul yake yi wa hanya tana gudu fiye da nauyinsa nesa ba kusa ba. Idan aka ninka nauyin sau biyu, ɓarnar takan ninka wajen sau 16, watau 2 sau 2 sau 2 sau 2. Ƙarin kashi 20 cikin 100 kacal ya isa ya ninka ɓarnar sau biyu. Wannan shi ne dalilin da ya sa doka ta fi damuwa da yadda aka raba kaya a kan aksul fiye da jimillarsa, shi ne kuma dalilin kafa tashoshin awo a bakin iyakokin jihohi.

Bayan rikicin mai na 1973 an rage gudun mota zuwa mil 55 a awa a duk ƙasar, direbobi suka yi yajin aiki suna toshe hanyoyi. Domin a rage musu asara, dokar 1974 ta ɗaga iyaka zuwa laba 80,000, watau tan 36 da ɗoriya, tare da wani lissafi da yake tilasta a nisanta aksul da aksul domin kare gadoji. Sai dai dokar ta halatta ne, ba ta wajabta ba. Jihohi uku da suke jere a kan kogin Misisipi, watau Ilinoi da Misuri da Akansas, suka ƙi motsawa daga tsohon adadi, suka zama shinge a tsakiyar ƙasa. Mai kaya daga gabas zuwa yamma dole ya yi lodi da ma'aunin jiha mafi tsanani a kan hanyarsa, ko ya yi dogon zagaye.

Ayowa kuma ta kafa nata shingen a kan tsawo: ta hana tirela mai jan akwati biyu da ta kai ƙafa 65, alhali maƙwabtanta sun yarda da ita. Kamfanin Consolidated Freightways, wanda motocinsa suke bin hanya mai lamba 80, ya kai ƙara, a 1981 Kotun Ƙoli ta ba shi gaskiya. Hujjar da ta fi jan hankali ita ce, dokar da aka ce an yi ta don kiyaye haɗari tana tilasta wa motoci su zagaye jihar ko a raba kaya a motoci da yawa, ƙarin mil da ƙarin motoci kuwa ƙarin haɗari ne, sai dai an tura shi gidan maƙwabci. Daga ƙarshe dokar 1982 ta wajabta wa kowace jiha ta karɓi laba 80,000 da faɗin inci 102 a manyan hanyoyin tarayya, tare da ƙarin harajin mai. Shi kuwa kamfanin da ya ci shari'ar bai tsira daga sabuwar gasar ba, ya karye a 2002.

Duk da haka ba a rasa saura ba. Tirelar yau mai aksul biyar takan raba nauyinta kamar haka: laba 12,000 a gaba, 34,000 a tsakiya, 34,000 a baya, kuma ana iya matsar da tayoyin baya gaba ko baya domin daidaita rabon. Amma Kalifoniya ba ta yarda tazarar da take tsakanin mahaɗin akwati da aksul na ƙarshe ta wuce ƙafa 40 ba. Ke nan mai yin lodi a Shikago dole ya jera kayansa da dokar jihar da ba zai gani ba sai bayan kwana uku.

Direba da agogo

Tambaya ta uku ta shafi ɗan Adam. Tun ƙarshen shekarun 1930 ICC ta ƙayyade tuƙin awa 10 da hutun awa 8, da jimillar awa 60 a kwana 7 ko 70 a kwana 8. Gyaran da aka yi a 1962 ya ba direba damar ya yi 10, ya huta 8, ya sake kamawa, har ya iya tara awa 16 na tuƙi cikin yini da dare guda, lokacin barcinsa yana ta juyawa. Tun daga 2004 ƙa'idar ita ce tuƙin awa 11 cikin awa 14 daga lokacin da ya fara aiki, sa'an nan hutun awa 10 a jere. An kuma wajabta tsayawar minti 30 bayan tuƙin awa 8.

Rubuta doka daban, bin ta daban. Dokar ƙwadago ta 1938 ta cire direbobin nan daga cikin masu haƙƙin kuɗin ƙarin lokaci, kuma galibin masu dogon zango da mil ake biyansu. Awannin da direba ya ɓata yana jiran lodi ba su kawo masa komai, saboda haka yakan nemi ya fanshe su a kan hanya. Shekara da shekaru shaidar awanninsa wani littafi ne da yake cikawa da hannunsa, wasu ma sukan riƙe biyu, ɗaya na ɗan sanda, ɗaya na gaskiya. Haka nan kafin 1986 mutum yana iya mallakar lasisin jihohi da yawa, idan aka ƙwace na wannan ya fito da na waccan, a wasu jihohin ma lasisin ƙaramar mota ya isa a ja tirela. Dokar 1986 ta ce direba ɗaya lasisi ɗaya, da jarrabawa mai mizani ɗaya, aka ba da wa'adi zuwa Afrilun 1992. Daga Disambar 2017 kuwa aka wajabta na'urar da take haɗe da inji tana rubuta lokacin tuƙi da kanta.

Na'urar ta rage ƙarya, amma ta fito da wata matsala fili. Idan awa 11 ta cika dole a tsaya, wuraren tsayawa kuwa ba su isa ba, da yamma ta yi sun cika. A 2009 wani direba ya isa kusa da inda zai sauke kaya a Karolina ta Kudu tun kafin lokacin karɓa, ya rasa wurin kwana sai wani gidan mai da aka daina amfani da shi, ɗan fashi ya kashe shi a kan dala 7. A 2012 aka sa sunansa a wata doka, Dokar Jason, wadda ta buɗe hanyar kashe kuɗin tarayya wajen gina wuraren kwanan direbobi. Ashe maganar zango, wadda madugu ya fi kowa saninta, ba ta tsufa ba.

Dutse, iska da ƙanƙara

Tambaya ta huɗu ƙasa ce take amsa ta. A Wayomin hanya mai lamba 80 tana hawa har ƙafa 8,640. Tsakanin garuruwan Larami da Rolins, tsohuwar hanya da layin dogo duk sun karkata arewa, sun guje wa gindin wani dutse da ake kira Elk. Masu zanen sabuwar hanya suka zaɓi miƙewa ta gindin dutsen domin rage abin da bai kai mil 20 ba, ko da yake mutanen wurin sun yi ta gargaɗi game da iskarsa da dusar ƙanƙararsa. An buɗe wannan yanki a Oktoban 1970, cikin 'yan kwanaki guguwar ƙanƙara ta rufe shi. Har yau yana cikin wuraren da aka fi rufewa a lokacin sanyi, idan iska ta tsananta kuma akan hana motoci masu tsayi marasa nauyi wucewa, domin tirela wayam ta fi mai kaya saurin kifewa. Hanyar lafiya, in ji masu iya magana, a bi ta da shekara.

Direban da aka rufe masa Wayomin yana iya karkatowa kudu ta birnin Denba a jihar Kolorado, ya kama hanya mai lamba 70, amma can ma da nata. Tana bi ta wani rami da aka huda cikin dutse a tsayin da ya wuce ƙafa 11,000, wanda aka sa wa sunan Eisenhower, motar mai da sauran kaya masu haɗari kuwa bisa ƙa'ida ba su shiga ramin, sai su haura ta mashigin Loflan mai kwane-kwane. Daga Satumba zuwa Mayu dole babbar mota ta riƙe sarƙoƙin da ake ɗaura wa taya saboda santsi. Babban abin tsoro shi ne gangara. Idan direba ya dogara ga birki kaɗai, ƙarfen yakan yi zafi har ya daina kamawa, shi ya sa ake koya masa ya sa ƙaramar giya tun kafin ya fara sauka, ake kuma gina hanyoyin tsira, watau gajerun rassa cike da tsakuwa mai zurfi da take shanye gudun mota. A Afrilun 2019 wata tirela mai ɗauke da katako ta rasa birki tana gangarowa Denba, direbanta ɗan shekara 23 ya wuce hanyar tsira bai shiga ba, ya afka wa motocin da suke tsaye, mutum 4 suka mutu. A 2021 aka yanke masa ɗaurin shekara 110, gwamnan jihar ya rage zuwa 10 bayan jama'a sun yi ca. Shari'ar ta tayar da tambayar da har yau ake muhawara a kanta: ina rabon wanda ya horar da shi, da wanda ya tura shi duwatsu, a cikin laifin?

Wanda ya tsaya a kan lamba 80, nasa gwajin na ƙarshe yana mashigin Dona a Kalifoniya, sama da ƙafa 7,200, daga nan gangara ce ta kusan mil 40, a jihar da ba ta yarda tirela ta wuce mil 55 a awa ba. Tirela mai cikakken lodi a gudun mil 65 tana bukatar fiye da ƙafa 500 kafin ta tsaya. A 2021 da 2022, fiye da mutum 5,000 ne suka mutu kowace shekara a haɗurran da suka shafi manyan motoci a Amurka, wajen kashi 70 cikin 100 kuwa mutanen da suke cikin sauran motoci ne.

Kammalawa

Idan muka tattara, mai tsara tafiyar nan a yau zai raba ta zango huɗu, kowanne bai fi mil 600 da 'yan kai ba: kwanan farko a tsakiyar Nebaraska, na biyu a yammacin Wayomin, na uku a arewacin Nebada, rana ta huɗu ya haura Dona ya sauka teku. Zai auna motarsa aksul-aksul tun a Shikago, ya duba labarin iskar Wayomin kafin ya bar Nebaraska, ya tanadi wurin kwana tun rana ba ta faɗi ba, ya kuma bar 'yan awanni a ajiye saboda abin da ba a zata ba. Hanyar da yake bi ba a gama haɗa ta ba sai 1986, shekara 67 bayan ayarin soja, dokokin da yake bi ma kusan tsawon lokacin suka ɗauka kafin su daidaita.

Ga ma'aikatanmu da ɗaliban da za su gaje su, akwai abin ɗauka, domin Nijeriya ma tarayya ce mai jihohi, kayanta masu nauyi kuma a kan taya suke tafiya. An kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya a 1988, ƙasashen ECOWAS kuma sun amince da ƙa'ida ɗaya ta nauyin aksul a 2012. Lissafin da aka gano a Ilinoi bai san iyakar ƙasa ba: motar da aka yi wa ƙarin kashi 20 cikin 100 tana cin kwaltar Kano zuwa Legas ninki biyu, kamar yadda take cin ta Ayowa. Tarihin Amurka ya nuna cewa dokar da ta bambanta daga jiha zuwa jiha tana ƙara tsada, tana kuma tura haɗari ga maƙwabci, dokar da ba ta da sikeli ko agogo a bayanta tana zama a takarda, dokar hutu kuma tana bukatar a gina wa direba inda zai huta. Su Amurkawa sun sayi wannan ilmi da gadoji da rayuka. Wanda ya zo daga baya yana iya samun sa da araha, in ya so.

 Allah Ya kiyaye hanya.